Mai Rawar Budurwar Raɓa

Petersburg, 6 ga Oktoba, 1884

Inna Zénaïde,

Ina gaishe ki gaisuwar 'ya da uwa, ina fatan takardar nan ta same ki a tsaye da ƙafafunki. Na san sai kin juya ambulan kin duba hatimi kafin ki gane ni. Octavie ce, 'yar Armande, wadda uwarta da taki suke ciki ɗaya. Ba ki taɓa ganina ba, amma ke na rubuta wa lokacin da Mama ta rasu.

Ni lafiya lau, sai gwiwar hagu da ta sauke ni daga dandamali shekara biyar ke nan. Yanzu koyar da 'yan mata nake yi a makarantar rawa. Sanyi ya fara, an riga an liƙe tagogi.

Ga abin da ya sa na rubuto. Shugaban rawa na gidan wasanmu zai sake fito da wasan Budurwar Raɓa a watan Afrilu. Ku a Paris kun haife ta kun yar, mu nan muka raine ta, amma hannu da yawa ya taɓa ta. Rawar ƙarshe, wadda budurwar ke yi gari na wayewa, tana ja da baya a kan yatsun ƙafa har ta ɓace wa saurayin, yanzu an cika ta da juyi da tsalle. Sai ki ce ba narkewa take yi ba, kasuwa za ta. Tsoho Ilya, mai yi mana goge a aji, ya ce marigayi mijinki, Kawu Firmin, yana da littafi da ya rubuta kowane taku yadda aka yi shi a 1843. In yana hannunki, ki ba ni aro, ko ki sa a kwafa mini.

Shekara arba'in sunan wani ne ke kan takardar sanarwa. Burina in mayar da rawar nan ga mai ita.

'Yarki,
Octavie Cazals

Paris, 2 ga Nuwamba, 1884

Octavie,

Na amsa gaisuwa. Lafiyata ta tsofaffi ce: tari ya kama ni tun Satumba, kuma hawa biyar ne zuwa ɗakina, kullum sai na huta sau biyu. Allah ya sawwaƙe wa gwiwarki. Duk wadda ta yi wannan sana'a da gaske da abin da take ɗingisawa.

Shekara goma sha uku ban ji ɗuriyarki ba, sai ga takarda da "Inna" a sama da "'yarki" a ƙasa. Ina ganin haka na ce da kaina, Zénaïde, riƙe jakarki da kyau.

Layinki na ƙarshe na karanta sau biyar. Na sa tabarau, na cire, na je bakin taga. "Mai ita." Wa kike nufi? Me Armande ta gaya miki? In ta faɗa miki wani abu tana kan gadon mutuwa, ki sani zazzaɓi na sa mutum ya faɗi abin da bai faru ba. Mijina ne ya tsara rawar nan, shi kaɗai, a ɗakinsa, ba wanda ya taya shi ko da taku ɗaya. Duk gidan wasan sun sani, har masu jan labule. Shugaban wancan lokaci ya sa sunansa a takarda don shi ne babba, amma ba wanda ya ruɗu.

Kuma wa ya aiko ki? Shugaban naku? Na san irinsu. Ya karɓi littafin, ya canza hannu ɗaya, gobe a wayi gari shi ya ƙirƙira. Ƙasar da ko kwanan wata ba su yarda da na sauran mutane ba, sai sun ja baya kwana goma sha biyu, ita zan amince wa da littafin mijina?

Ban ma san inda yake ba. Na tashi gida sau biyu tun rasuwarsa. Wataƙila ɓeraye sun gama da shi.

Zénaïde Delorge

Petersburg, 20 ga Nuwamba, 1884

Inna,

Ina gaishe ki, ina kuma yi miki sannu da tari. Ki riƙa shan madara mai zafi da zuma, ki rage hawa da sauka. Mu nan kogi ya daskare, 'yan mata uku a ajina suna kwance da mura.

Kawu Firmin nake nufi. Wa kuma zan nufa? Mama ba ta taɓa gaya mini komai ba, a kan gado ko a tsaye. Na rubuta layin ne ina zaton zai faranta miki rai. Amma tun da na karanta amsarki na kasa zama. Ban tambaye ki ko wani ya taya shi ba, ke kika rantse ba a taya shi ba.

Sai na fara tuno abubuwa. Mama ta yi shekara ashirin a layin baya na 'yan rawa, ba ta taɓa ƙin aiki ba, amma duk ranar Budurwar Raɓa ciwon kai yake kama ta. Ranar da aka fara sa ni a ciki, ina da shekara sha bakwai, ta ɗinka mini riga, ta raka ni har ƙofa, ta koma gida.

Jiya bayan aji na tsare tsoho Ilya yana shan shayinsa. Na ce, "Baba Ilya, me ka sani game da uwata da rawar nan?"

Ya ce, "Ni mai goge ne, 'yar nan. Ƙafafu nake kallo, ba na jin magana."

Na ce, "Kai da ka san wadda ta ci albasa daga ƙarshen ɗaki?"

Ya yi dariya har ya ƙware, sannan ya faɗa mini. Wai wata shekara an kawo wata babbar 'yar rawa daga waje, ana gwaji ta manta tsakiyar rawar, shugaba ma ya manta. Kowa ya yi cirko-cirko. Sai Mama ta fito daga layi, ba kiɗa ba komai, ta yi ta daga farko har ƙarshe. Da baƙuwar ta kwaikwaya, Mama ta ce, "A'a, ba haka na yi ta ba." Kowa ya juyo yana kallonta. Sai ta ce, "Ba haka aka yi ta ba, nake nufi," ta koma layinta. Ilya ya ce bai taɓa ganin an yi rawar kamar ranar ba, kuma bai ƙara ganin Mama ta yi ta ba.

Inna, ba wanda ya aiko ni. Ki gaya mini me ke cikin littafin.

Octavie

Petersburg, 23 ga Janairu, 1885

Madam Delorge,

Ina fatan kina lafiya. Ni lafiyata ƙalau.

Wata biyu ke nan. Kullum sai na tambayi mai raba wasiƙu, har ya fara sauya hanya in ya hango ni. Na ba wa ƙanƙara laifi, na ba wa jirgin ƙasa, yanzu ba sauran wanda zan ba wa sai ke.

Ina ganin kin ƙona shi. Ina ganin ranar da takardata ta iso kika cusa shi a murhu. Kuma tunda kin bar ni da tunanina, ga inda ya kai ni: yarinya mai shekara sha tara ba ta barin Paris da danginta ta tafi ƙasar da ba ta jin yarensu saboda rawa kawai. Me ya shiga tsakaninta da mijinki? Korarta kuka yi?

In ba ki amsa ba, da zarar an rufe makaranta zan zo da kaina. Hawa biyar ba zai gagare ni ba, ko da wannan gwiwar.

O. Cazals

Paris, 15 ga Fabrairu, 1885

Octavie,

Ina gaishe ki, duk da kin mayar da ni Madam. Ban ƙona komai ba. Ciwon huhu ne ya kwantar da ni mako goma, har an kira fadan coci ya shafa mini mai. Takardunki biyu suna wurin Madam Pichon, mai gadin ƙofarmu, sai shekaranjiya ta kawo. Ta ce likita ne ya hana a tayar mini da hankali. Na ce, "Likita ne kuma ya ce ki kara su a tururin buta ki buɗe?" Don bakin ambulan ɗin duk ya yi laushi. Ta ce, "Haba Madam, ni da ko sunana da ƙyar nake karantawa!" Ƙarya take yi, jaridar mutumin hawa na biyu ita ke fara karantawa.

Ba mu kori uwarki ba, kuma ban taɓa kama ta da mijina ba. Ki zauna ki ji. Fada ma ban gaya masa wannan ba, na ce in na tashi zan faɗa wa wadda ya kamata.

A 1843 ina da shekara ashirin, Armande sha takwas. Ɗaki ɗaya muke, a saman gidan burodi, gado ɗaya, bargo ɗaya. Firmin mataimakin shugaba ne, an yi mana baiko, amma ubana ya ce ba aure sai ya sami tsayayyen matsayi. Saura kwana tara a buɗe wasan, shugaba ya jefa masa rawar ƙarshe ya ce ya san yadda zai yi. Sau uku yana shiryawa, sau uku tauraruwar wasan tana watsa masa a fuska. Na ukun ta ce a gaban kowa, "Wannan ai ta doki ce, ka kai wa sojoji." Ya daina cin abinci.

Ran Lahadi muna dawowa daga coci Armande ta ja ni ɗakin gwaji, ba kowa a ciki. Ta ce, "Tsaya nan, ke ce saurayin. Miƙo hannu." Ta riƙe hannuna, ta hau kan yatsu, ta fara ja da baya. Ba tsalle ko ɗaya. Tana sakin hannuna yatsa ɗaya bayan ɗaya, kamar ba ita ke saki ba, ƙarfin ne ke ƙarewa. Na gane abin nan take, don ina wurin ranar da uwarta ta rasu, haka ta saki hannun Armande. Na tsaya da hannu a miƙe ina kuka kamar wawiya.

Ta nuna mini takardu huɗu da ta zana takun a kai. Ta ce, "Gobe zan nuna wa shugaba. Ko ya kore ni, ya dai gani."

Da yamma ta tafi kai wa kakarmu miya. Na ɗaga katifa, na ɗauki takardun, na kai wa Firmin. Na ce, "Armande ta ce a ba ka, kunya take ji." Ba wanda ya sa ni. Na gaya wa kaina ai ba za su taɓa sa sunan yarinyar layin baya a takarda ba, gara ta amfani wani. Gaskiya ne ba za su sa ba. Amma ba don haka na yi ba, aure nake so.

Ran Litinin muna tsaye a layi, ni da ita kafaɗa da kafaɗa, Firmin ya fara koya wa tauraruwar. Ban juya na dube ta ba. Da muka koma gida ta zuba mana miyar albasa, ta yanka burodi, ta ce, "Zénaïde, kin ga takarduna?"

Na ce, "Ban gani ba."

Ta ce, "To." Ta shanye miyarta.

Ranar buɗewa an ɗaga labule sau goma sha ɗaya saboda tafi. Mata suna kuka a kujeru. Muna cire takalma, abin da kawai ta ce shi ne, "An yi sauri a tsakiya." Firmin ya sami matsayinsa, aka ɗaura mana aure, ita ta riƙe mini lulluɓi. Da bazara ta sa hannu a takardar aikin rawa a Rasha. Na so ta zage ni ko sau ɗaya. Ba ta yi ba.

Takardun huɗu suna cikin littafin, Firmin ya liƙa su a tsakiya. Za ki gane hannunta.

Akwai saura. Da ya rasu na sami ambulan a liƙe a bangon baya, a rufe, da sunan Armande da hannunsa. Shekara tara yana ƙarƙashin rigunana ban buɗe ba. Zaman aurenmu duka bai taɓa ambaton sunanta ba, ko da kuskure, kuma wannan shi ya hana ni sukuni. Namiji ba ya kiyaye harshensa haka a kan macen da ba ta dame shi ba. Kin tambaye ni me ya shiga tsakaninsu. Ni ma shekara arba'in nake tambaya.

Ban yarda da gidan waya ba, ban yarda da Pichon ba. Wani mai gyaran gashin 'yan wasa da na sani zai tafi garinku ƙarshen wata, na ɗinke littafin cikin tsumma na ba shi. Ki buɗe ambulan ɗin. Ko me ke ciki ki gaya mini, na gaji da zato.

Zénaïde

Petersburg, 28 ga Afrilu, 1885

Inna,

Ina gaishe ki, ina fatan ƙirjin ya saki. Ki yafe mini takardar Janairu, ban san kina kwance ba. Ƙanƙarar kogi ta fara fashewa, gari duk taɓo. Gwiwata ta kumbura don na yi mako shida ina nuna abin da bai kamata mai shekaruna ta nuna ba.

Littafin ya iso, ɗinkinki bai motsa ba, na duba. Hannun Mama ne. Haka take rubuta bakwai, da ƙugiya, kamar a takardun cefanenta. Na yi kwana biyu ban iya zuwa aji ba.

Ban ba shugaba littafin ba. Na kira shi ya zauna, na sa ɗalibata Varvara ta yi masa rawar yadda take a takarda, Ilya na goge. Da ta gama ya ce, "Ina juyin?"

Na ce, "Babu, ranka ya daɗe."

Ya ce, "Mutane sun zo ganin juyi."

Ilya ya ce, "To ka share idonka tukuna, maigida, sannan mu yi maganar juyi."

Ya yarda a yi ta haka. Amma da na nuna masa takardun na ce a sa sunan Armande, sai ya dube ni kamar na ce a sa sunan kyanwa. Ya ce, "Wa ya san ta? Takarda ta riga ta tafi wurin bugu." Da ta fito, sunan tsohon shugabanku na nan a sama, nasa a ƙasa, wai shi ya gyara. Ba Mama, ba Kawu Firmin. Kin faɗa mini tun Nuwamba, na ji haushin da kika yi gaskiya.

An yi wasan ran Alhamis. Na gaya wa Varvara ta ja tsakiyar a hankali har ta ji kamar za ta faɗi. Da ta saki yatsa na ƙarshe ba wanda ya tafa. Na ɗauka mun lalace. Ashe ba su iya ba ne, sai da labule ya sauka gidan ya ɗauka da tafi.

A aji kuwa, tun ranar farko nake cewa, "Ku koma farko, rawar Armande." Yanzu yara talatin haka suke kiranta, ba su ma san wace ce ba. Shekaranjiya na ji shugaba da bakinsa yana cewa a maimaita rawar Armande. Waɗannan yaran su za su koyar bayana.

Na buɗe ambulan ɗin. Layi huɗu ne, ba kwanan wata. Ga su:

"Armande, rawar taki ce, na sani tun ranar farko. Ni na matsa wa Zénaïde ta ɗauko mini takardun, sau biyu tana ƙi. Laifin nawa ne ni kaɗai. Ki yafe mata, ba ta da kowa kamarki."

Ba komai bayan wannan. Ya saɓa da abin da kika rubuto mini, ban san wanda zan yarda da shi ba a cikinku. Ba zan ce miki na yafe ba, don ban kai nan ba tukuna, kuma ba ni aka yi wa ba. Amma in kina son takardar zan aiko miki.

Octavie

Paris, 19 ga Mayu, 1885

'Yata Octavie,

Na amsa gaisuwa. Ƙirji ya yi sauƙi, jiya na sauka har kasuwa na sayo 'ya'yan itacen ceri na farko. Ki ɗaure gwiwar nan, ki bar wa yara tsalle.

Na sa an karanta mini wurin Varvara sau biyu, don idona ya ƙi. Pichon ce ta karanta, tunda ko ban ba ta ba za ta karanta. Ta yi kuka, munafuka. Sauran takardar ban ba ta ba, da kaina na lallaɓa na karanta.

Firmin bai matsa mini ba. Bai san da takardun ba sai da na ajiye masa su a kan tebur. Ban ƙi sau biyu ba, ko sau ɗaya ban ƙi ba. Hankalina bai gushe ba tukuna, na san abin da hannuna ya yi.

Saboda haka ɗayan biyu ne. Ko dai mijina ya gane abin da na yi, ya zauna da ni shekara talatin da uku bai nuna mini ba, sannan ya ɗauki alƙalami ya yi ƙarya don uwarki ta yafe mini. Ko kuma abin da ke cikin ambulan ɗin daban ne, irin wanda nake tsoro, ke kuma kika karanta, kika tuna tsohuwa mai ciwon huhu a hawa na biyar, kika zauna kika ƙirƙiro mini layi huɗu. Za ki iya. 'Yar Armande ce ke, na san irin shirun gidanku. Kuma "ba ta da kowa kamarki" bai yi kama da bakin Firmin ba, shi da ko a baiko "to, shi ke nan" ya ce. Amma kuma mutum yakan rubuta abin da bakinsa ba ya iya faɗa. Kwana takwas ina juya abin, yau in ce shi ne, gobe in ce ke ce.

Littafin ki riƙe, naki ne. Ki sa wani mai hannu mai kyau ya kwafi takardun huɗu, a ajiye a wuri biyu, kada ki yarda shugaban nan ya tafi da su gida ko da na yini ɗaya.

Takardar kuwa, kada ki aiko da ita. Na san hannun Firmin, kallo ɗaya zai ishe ni, kuma ba na son in sani.

Innarki,
Zénaïde